Wasiƙa Zuwa Ga Likitan Da Ya Cire Wa Mahaifiyata Matsarmama

Likita,

 Na je asibiti nemanka aka ce ka bar aiki a wurin. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili, ko Allah zai sa ta iso gare ka. In ma ba ta iso ba, abokan aikinka da ke yin tiyata a asibitocinmu za su gani, haka kuma iyalan da ke cikin irin jinyar da muka yi.

Ni ɗa ne ga wata dattijuwa da ka cire wa matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya. Ba na zaton za ka tuna ta, don waɗanda suka bi ta hannunka suna da yawa. Mu dai ba mu manta da kai ba, kuma yabon gwani ya zama dole. Kafin aikin, Hajiya takan tashi tsakar dare tana murƙususu, ciwo ya riƙe ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya harba har kafaɗa da baya, ta yi ta amai har ta galabaita. Hoton ciki ya nuna matsarmamar cike da tsakuwa, bangonta ya yi kauri saboda kumburi. Ka yi aikin ta ’yan ƙananan huji, ba ka tsaga cikin ba. Wurin ya warke ba ruwa ba mugunya, kuma wancan murƙususun bai sake dawowa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ce guda da ka yi ranar da ka sallame mu. Ka ce, “Hajiya, an rabu da matsala. Ki je ki ci duk abin da ranki yake so.” Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, don ka kwantar wa tsohuwa da hankali. Amma maganar ta ɗaure mana baki daga baya, domin da abu ya taso, ita da mu duk mun ɗauka cewa tunda babban likita ya ce an gama, to ko me ke damunta ba shi da alaƙa da aikin.

Ga abin da ya taso. Da zarar ta karya kumallo, ko da koko da ƙosai ne, kafin a kwashe kwanuka cikinta ya fara ƙugi, ta miƙe da sauri ta ɗauki buta. Bayan gidan ruwa-ruwa ne, rawaya, mai zafi, kuma ba ya jira. Da yamma cikin ya kumbura har sai ta sassauta zani. Ga gyatsa mai ɗaci, ga tsohon raɗaɗinta na ƙahon zuciya da ke tashi in yunwa ta kama ta. Ka san matsayin alwala a wurin tsohuwa. Matar da takan riƙe alwalar Azahar har La’asar ta koma ba ta da tabbas a kan raka’a huɗu. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zuwa suna da biki. In tafiyar mota ta kama, tun dare take ƙin cin abinci. Dangi suka fara cewa Hajiya ta daina zumunci, alhali kunya ce ta tsare ta a gida. Ƙanwata kaɗai ta iya gaya wa gaskiyar abin, ita ma a ƙuryar ɗaki.

Da muka koma asibiti, wanda muka tarar ya duba tabon, ya danna cikin, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ƙara da cewa, “Ai matsarmamar ma ba ta nan, me zai yi ciwo?” Daga nan muka shiga yawon da kowane gida ya sani. Wannan ya ce olsa ce, wancan ya auna jini ya ce taifot ne. Mai kemis ya haɗa mata magungunan kashe zafi. Wata ’yar uwa ta rantse an manta da wani abu a cikin, wata ta kawo jiƙo ta ce dattin ciki ne, a wanke shi. Jiƙon ya ƙara wa gudawar ƙarfi. A duk wannan yawo babu wanda ya ce mana abin nan sananne ne a wurin likitoci, kuma akwai hanyar bincikensa.

Kuma sananne ne ƙwarai, ka fi ni sani. Tun 1882 Carl Langenbuch ya fara cire matsarmama a birnin Berlin na Jamus. A 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya fara yin aikin ta huji, irin wanda ka yi wa Hajiya. Tsakanin waɗannan biyu, a 1947, likitocin Amurka biyu, Womack da Crider, sun wallafa rubutu a kan alamomin ciwo da ke ci gaba bayan an cire matsarmama. Littattafanku sukan ce kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke samun irin wannan, wasu binciken ma sun kai adadin sama da haka. Ke nan cikin kowane goma da ka yi wa aiki, akwai ɗaya ko fiye da zai koma gida da saura. Abin da likitoci suka sani tun kafin a haifi Hajiya bai kamata ya zo mana a matsayin baƙon abu ba.

Bari in faɗi yadda na fahimci lamarin, saboda masu karatu, kai kuma in na yi kuskure ka gyara. Matsarmama ba ita ke samar da ruwan nan mai ɗaci ba. Hanta ce ke yin sa, kusan rabin lita zuwa lita guda a yini. Matsarmama ’yar jaka ce a ƙarƙashin hanta da ba ta ɗaukar fiye da kimanin mililita 50. Tana tara ruwan, ta tsotse shi ya yi kauri, in mutum ya ci abu mai maiƙo sai ta matse ta tura shi cikin hanji don ya narkar da man. Kamar randa ce a gindin famfon da ba a rufewa: in an ɗauke randar, famfon bai daina zuba ba, ruwan dai ya rasa matari, yana ta tsiyaya ko ana bukata ko ba a bukata. Mafi yawan mutane jikinsu na sabawa da haka cikin ’yan makonni, su ci gaba da rayuwa lafiya lau. Wasu kuwa ba sa sabawa.

A ƙa’ida, ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin 100 na sinadaran ruwan ɗacin ya mayar wa hanta. In abin da ya tsallake zuwa babban hanji ya yi yawa, sai ya sa hanjin ya zubo da ruwa, ya kuma riƙa motsi da sauri. Wannan ita ce gudawar safe, mai rawaya, mai gaggawa, wadda maganin taifot ba ya taɓa ta. Tana da magani. Akwai wani gari mai suna kolestiramin da ake damawa a ruwa a sha, yana kama sinadaran a cikin hanji ya hana su yin ɓarna. Sai dai yana kama wasu magungunan ma, don haka mai shan maganin hawan jini ko na suga sai ya sha nasa awa guda kafin garin, ko awa huɗu zuwa shida bayansa. Wannan bayani ba zai ci maka minti biyu ba, amma a wurin Hajiya shi ne bambanci tsakanin zaman ƙunci a gida da fita cikin jama’a.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan haɗari, wanda shi ya fi tayar min da hankali da na sani. Tsakuwa kan iya saura a cikin bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji, ko ta fito sabuwa a cikinsa bayan shekaru. Takan kuma maƙale a guntun bututun da ya rage bayan an yanke jakar. Wani lokaci babban bututun ne ke samun rauni yayin aiki, abin da ke faruwa a kimanin uku zuwa biyar cikin dubu, daga baya ya tsuke ko ya riƙa yoyo. In hanya ta toshe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. In zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da waɗannan, ƙwayoyin cuta sun shiga bututun ke nan, kuma abu ne da ke iya kashe mutum cikin ’yan kwanaki. A garuruwanmu, in ido ya yi rawaya, cewa ake yi shawara ce, a nemo sassaƙe. Mutumin da aka cire wa matsarmama, in ba likitansa ya gargaɗe shi ba, gida zai zauna yana shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Alhali gwajin jini na aikin hanta da hoton ciki sukan nuna alama, hoton da ake kira MRCP ya tabbatar, sannan a bi ta baki da na’ura a zaro tsakuwar, aikin da kuke kira ERCP. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba a ƙasar nan, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Wannan ma dalili ne na a sanar da mutane da wuri, don su san lokacin da ya wajaba a sayar da abin sayarwa a tafi.

Dalili na uku wata ’yar tsoka ce da ke tsaron bakin bututun inda ya haɗu da hanji, wadda aka sa wa sunan Ruggero Oddi, ɗan Italiyan da ya yi bayaninta a 1887. A wasu mutane takan ɗaure, ruwan ya taru a baya, ciwo irin na da ya dawo. Magunguna irin su kodin da mofin suna ƙara ɗaure ta, kuma an sha ganin wanda ba shi da matsarmama ya sha kodin ciwo mai tsanani ya taso masa cikin awa ɗaya ko biyu. Su kuma diclofenac da ibuprofen da ake saye barkatai a kemis, bangon tumbi suke ci. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata a gaya wa majinyaci tun yana kan gado. Na kuma karanta cewa a nan ana bukatar taka-tsantsan. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 214, aka wallafa a mujallar JAMA a 2014, ya nuna cewa masu ciwo kawai, waɗanda gwaji bai nuna toshewa ba, yanka tsokar bai fi barinta amfani ba, ga shi aikin kansa yana iya jawo kumburin fankiriyas. Don haka ba ina roƙon a riƙa sa wa kowa na’ura ba ne. Roƙona a bi abin daki-daki, a san wanda ke bukata da wanda ba ya bukata.

Dalili na huɗu shi ne ya fi shafarka kai tsaye, don kafin aiki yake farawa. Mutane da yawa suna da tsakuwa a matsarmama kuma ba ta dame su da komai har su koma ga Allah. In irin wannan mutum ya zo da kumburin ciki ko ƙwarnafi, aka yi hoto aka ga tsakuwa, sai a ɗora mata laifi. A cire jakar, ciwon kuma yana nan, don tun asali daga tumbi yake ko daga hanji. A ƙasar Holan an bi mutum 1,067 masu tsakuwa da ciwon ciki a asibitoci 24, aka wallafa sakamakon a mujallar The Lancet a 2019. Bayan shekara guda, waɗanda suka rabu da ciwo gaba ɗaya ba su wuce 56 zuwa 60 cikin 100 ba, duk da cewa an yi wa mafi yawansu aiki. Wannan a ƙasar da kayan bincike suka wadata ke nan. Ina ga nan, inda ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki ta yi katutu a cikin jama’a? Hajiya tana da ciwo iri biyu tun kafin ta zo wurinka, murƙususun dare da raɗaɗin ƙahon zuciya. Wuƙarka ta ɗauke na farko. Na biyun ba aikin wuƙa ba ne, kuma da an bambance mana su tun farko, da ba mu sa rai ga abin da tiyata ba za ta iya ba.

Ina kuma tuna maka da masu sikila, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tasu kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa, abin da ya fashe ɗin kuma hanta ke fitar da shi ta ruwan ɗaci, ya dunƙule ya zama baƙar tsakuwa. Shi ya sa ake cire wa da yawansu matsarmama tun suna samari da ’yan mata. In ciwon ciki ya taso wa irin wannan yaro bayan aiki, kowa cewa zai yi ciwonsa ne ya motsa, in idonsa ya ƙara rawaya a ce ai dama haka yake. Tsakuwar da ta toshe bututu tana iya ɓuya a bayan wannan zato. Su ne suka fi kowa bukatar a yi wa iyayensu bayani dalla-dalla.

Daga ƙarshe Allah ya haɗa mu da wata likitar ciki da hanji. Ba ta fara da rubuta magani ba. Ta fitar da mu maza daga ɗakin, ta bar Hajiya da ƙanwata, ta yi ta tambaya: wane lokaci cikin ke tashi, bayan wane abinci, wane launi, yana tashinta daga barci, ta rame, ta ga jini ko baƙin bayan gida? Ta sa aka auna hanta, aka sake hoton ciki, duka suka fito lafiya, hankalinmu ya kwanta game da bututun. Gwajin bayan gida ya nuna H. pylori, ta ba da magani na mako biyu. Ta ce a gwada garin kolestiramin saboda gudawar, ta kuma hana magungunan kashe zafin da aka haɗo daga kemis.

Sannan ta zauna ta yi maganar abinci da sunayen da Hajiya ta sani. Ba ta hana mai gaba ɗaya ba, don jiki na bukatarsa. Ta ce a rage, a kuma rarraba. Maimakon a cika miya da manja har ya taso sama, a sa kaɗan. Man shanu a kan tuwo, da kitsen tsire da balangu, da soyayyar awara da fanke, a yi musu ƙwauro. Ƙosai ya koma alale ba mai da yawa. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a bar cika ciki lokaci guda. Miyar kuɓewa da ta kuka da kunun gero su zauna, wake kuma a shigo da shi sannu a hankali saboda iska. Ta yi maganar azumi ma tun kafin mu tambaya: mai irin wannan ciki kada ya buɗe baki da soye-soye, ya fara da dabino da ruwa da kunu, ya yi sallah, sannan ya ci abinci marar nauyi. Hajiya ba ta koma yadda take tana budurwa ba, har yanzu in ta yi ganganci a gidan biki cikin kan tuna mata. Amma ta koma Islamiyya, ta koma zumunci, kuma ta san abin da ke damunta da abin da za ta yi in ya motsa.

Likita, na san halin da kuke aiki a ciki. Na ga layin da ke ƙofar ofishinka, na ga ka fito daga ɗakin tiyata ko ruwa ba ka sha ba aka tare ka da wani fayil. Ba na ɗora maka laifin ƙarancin likitoci, kuma ba na so wani ya karanta wasiƙar nan ya guji aikin da ya wajaba a kansa. Matsarmamar da ta kumbura tana iya ruɓewa ko ta fashe, tsakuwa tana iya toshe bututu ta taɓa fankiriyas, kuma ga mai irin wannan hali tiyata rahama ce. Abin da nake roƙo abu ne da ba ya bukatar na’ura ko kasafin kuɗi.

Kafin aiki, ka tambayi majinyaci ciwo nawa yake ji, ka gaya masa wanda kake sa ran wuƙa za ta ɗauke da wanda ba lallai ba. Ranar sallama, ka ce masa yawancin mutane suna warkewa sarai, amma wasu kan samu gudawa ko kumburin ciki, kuma in haka ta faru ya dawo, akwai magani. Ka lissafa masa alamomin da ba a kwana da su a gida: rawayar ido, fitsari mai duhu, zazzaɓi da rawar sanyi, ciwo mai tsanani da bai lafa ba, aman da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, ramar da ba dalili. A rubuta wannan da Hausa a ’yar takarda guda, da boko da ajami, a ba ɗan rakiya ya tafi da ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira. In tsohuwa ta dawo ta ce maka “ciki ne dai,” ka sani akwai sauran magana da kunya ta hana ta faɗa wa namiji sa’an ɗanta, ka kira ma’aikaciyar jinya mace ta tambaye ta. In kuma abin ya wuce fanninka, ka rubuta takarda ka tura ta wurin likitan ciki, ka faɗi abin da ka gani a lokacin aiki, don kada a fara bincike daga tushe.

Mafi girman roƙona shi ne ka koya wa ƙananan likitocin da ke tasowa a hannunka kada su taɓa ce wa mai ciwo babu abin da zai yi masa ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka ƙaryata a asibiti ba ya daina jin ciwo, wurin zuwa kawai yake sauyawa, kuma inda zai je ba lallai a san mene ne bututun hanta ba. Kun ɗauki amanar mutum tun daga ranar da ya sa hannu aka sa shi barci, kuma warkewar tabo ba ta sauke wannan amana, sai ya iya ci, ya iya ibada, ya iya shiga cikin mutane.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a hannunka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Wassalam.

Naka,
Ɗan ɗaya daga cikin majinyatanka.